Tsohon bakanike ya raba Fijona da karkarwa, amma sai da ya gwada haƙurina

Motar Peugeot 504 ce, ta marigayi mahaifinmu, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri, Kaduna, tun 1975. Ni na gaje ta, kuma sai ranar Juma'a ko biki nake fito da ita.

Bayan sabis ɗin da aka yi mata gab da babbar sallah ta tsiro da wata karkarwa. Ina tsaye a danja, giya a firi, sai sitiyari ya kama rawa, madubi na kaɗawa, sandar giya kuwa kamar mai zazzaɓi. In na taka totur ta ɗan lafa, in na saki ta dawo.

Na kai ta wani garejin zamani, irin masu kanta da rasit. Wai za su sa mata kwamfuta. Motar kafireta da kwantak, a ina za a soka mata kwamfutar? Suka yi wa tayoyi balansin, suka sauya filogi huɗu da robobin da inji ke zaune a kansu, na biya kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ko get ban fita ba ta ci gaba da abinta. Da na koma, sai aka ce a sauke inji gaba ɗaya.

Wani tsohon direban tasha ne ya tura ni wurin wani dattijo da ke aiki a gindin darbejiya, ba allo, ba rumfa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, a tsaye take yi ko sai tana gudu?" Na ce, "Har a tsaye, Baba." Ya ce, "To me ya haɗa taya da motar da ba ta motsi?" Kunya ta rufe ni kamar ni na yi balansin ɗin.

Ya tashe ta, ya bar ta a silo, ya kara tafin hannu a bakin salansa. Sannan ya ɗauko filaya mai hannun roba ya riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai inji ya nemi mutuwa, ban da ta uku. Ita kam ya cire ya mayar, inji ko a jikinsa. Ya matsa da bakin wayar kusa da ƙarfe, wuta shuɗiya ta yi tsalle, ya musanya filogin da na kusa da shi, ba abin da ya sake. Ya ce wuta lafiya lau, silinda uku ke noma, ɗaya na cin bulus. Duk wannan bai kai minti ashirin ba.

Ya ce sai ta kwana, don bawul ɗin Fijo ba a saita shi da zafi. Da safe a gabana ya buɗe murfin kan inji, ya nuna mini bawul ɗin fitar hayaƙi na silindar nan, an matse shi tam, ko takarda ba ta shiga. In inji ya ɗau zafi ba ya rufewa sosai, matsin iska ya zurare, silinda ta mutu. Ya bi duka takwas da siririn ƙarfen awo, ya bar wa na shigar mai ratar 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita, duk a haddace. Ya ce Allah ya taimake ni bai ƙone ba. Da ya tashe ta, ya ɗora kofin shayinsa a kan bonet, shayin bai zube ba. Rabon da in ji wannan muryar tun mahaifinmu na raye.

A nan ya kamata mu rabu lafiya, amma ina. Ya ce sababbin robobin da aka sa mini jabu ne, tauri gare su kamar dutse, zai nemo masu kyau a kasuwar Panteka kafin la'asar. La'asar ta zama kwana biyar. Wayarsa kullum a kashe. Ranar da na je ɗauka, man da na bari rabin tanki ya koma kwata, ashe yaransa da ita suke zuwa sayo abinci. Ga shatin hannu na baƙin mai a kujerar direba, kujerar da mahaifina ya yi shekaru yana lulluɓe ta da tawul. Da na yi magana sai ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana, yara ne." Shi ke nan fa.

Na hau hanyar Zariya don gwaji, ina wuce 90 sitiyari ya soma ɗan ɓari. Na kira shi, wannan karon ya ɗauka, ya ce rim ne ya lanƙwashe, in kai wa masu taya. Da aka duba, gaskiyarsa ce, na gaba na dama, wanda masu balansin ba su gani ba.

Wata mai zuwa zan mayar masa da ita ya wanke kafireta, amma a bencinsa zan wuni, makulli na aljihuna. Tabon kujera kuwa sau uku ana wanke shi, yana nan.