Makirufo a Wuyan Baba: Sharhina Bayan Wata Bakwai Ina Haɗa Fodkas a Shagon Ɗinki

Ni tela ne a Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon ɗinki ya san ba ma rabo da rediyo. Tun ina yaron shago rediyon maigidana take rataye a ƙusa kusa da taga, da asuba BBC, da hantsi Freedom, da yamma duk tashar da ta kama. Abu ɗaya ke ɓata mini rai da ita: ana tsakiyar hira mai daɗi sai ga mai kaya ya shigo gwaji, kafin ka gama auna hannu da wuya an rufe shiri, ba ka da wanda za ka ce wa ya maimaita.

Ƙanena da ke karatu a jami'a ne ya gaji da mitata, ya karɓi wayata ya sa mini wata manhaja mai suna AntennaPod. Ya ce abin da ake ji a ciki sunansa fodkas, wai wani ɗan jarida a Ingila, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian a 2004, daga sunan na'urar sauraron kiɗan nan ta iPod. Ni dai abin da na fahimta shi ne rediyo ce da ke jiranka. Ka tsayar, ka je ka yi sallah, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya.

Manhajar kyauta ce, ba ta da talla, a wayar Android take aiki. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne tana sauke shiri ta ajiye a waya, don haka da daddare nake sauke na gobe, da safe in kashe data in yi ta saurare. Da shirye-shiryen jaridar Aminiya na fara, Najeriya a Yau da Daga Laraba. Ga mai son saurare kawai, wannan ta ishe shi, ba sai ya ƙara komai ba. Sai dai duk wanda ya shiga neman fodkas da Hausa zai ga labarai da wa'azi sun fi yawa. Hirar sana'a, irin wadda muke yi a bakin shago bayan La'asar, ban samu yadda nake so ba. Daga nan tunanin ya zo mini.

Maigidana, wanda duk muke kira Baba, ya haura saba'in, ido ya fara rauni, ya bar keke sai dai ya zauna a tabarma yana duba aikin yara. Mutum ne da in ya fara ba ka labarin yadda ake zana aska takwas a jikin babbar riga, da yadda mai ɗinkin hannu kan shafe watanni a kan riga ɗaya, za ka manta da abinci. Na ce masa, "Baba, ina son in riƙa naɗar hirar nan taka, mutane su ji." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wa zai bar aikinsa ya saurari tsohon tela?" Na ce, "Ni ma ai aikina nake yi ina saurare." Ya yi dariya, ya ce to.

Naɗin farko da wayar kawai na yi, na ajiye ta a kan teburin yanka a tsakaninmu. Da na kunna da dare, wallahi kunya ta kama ni. Fanka ta fi Baba murya. Ga hon na 'yan adaidaita, ga janaretan maƙwabcinmu mai aski, ga wani yaro da ya leƙo yana tambayar ko an gama wandon babansa. Baba kuwa kamar daga cikin rijiya yake magana.

Washegari na nufi kasuwar waya ta Farm Centre na sayo makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, Boya BY-M1. Kuɗinsa bai kai ladan ɗinkin kaftani biyu ba. A cikin 'yar jakarsa akwai shi kansa makirufon, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, da ɗan maƙali, da soso da ake rufa masa saboda iska, da ƙaramin batir irin na agogo, LR44. Igiyarsa doguwa ce, mita 6, har takan so ta yi yawa. Ni zare nake sa wa in ɗaure rarar. A jikin igiyar akwai wani ɗan maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na kyamara, ɗaya na wayar hannu. In da wayar hannu za ka yi aiki, batirin ma ba ya da amfani, amma dole maɓallin ya kasance a gefen waya. Ka duba shi kafin ka fara, ko da jiya ka duba.

Wayata ba ta da ramin iyafis, sai na caji kawai, don haka sai da na nemi ɗan mahaɗi. Rowa ta sa na saya a wajen wani mai tebur a bakin titi. Na maƙala wa Baba makirufo, muka yi hira ta minti arba'in a kan rinin shuɗi da marinar Ƙofar Mata, hira irin wadda ba a samun ta sau biyu. Ashe mahaɗin fitar da sauti kawai yake yi, ba ya shigarwa. Wayar da kunnenta ta yi ta naɗa, makirufon yana wuyan Baba kamar ado. Tun daga ranar na koyi abu ɗaya: kafin a fara, in ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, in ga ko layin sauti ya yi tsalle a fuskar waya. In bai motsa ba, ba shi ke ji ba. Na kuma koyi sa waya a yanayin jirgi, don kira ɗaya ya isa ya katse maka naɗi, kuma mu teloli ba a barinmu mu huta da kira.

Da na samu mahaɗi na kirki, bambancin ya fito fili. Muryar Baba ta matso kusa, har ɗan numfashin da yake ja kafin ya faɗi karin magana kana ji. Tazarar da ta fi yi mini kyau ita ce kamar taƙi ɗaya daga baki, a maƙale a linzamin riga. Shawara ga mai naɗar dattijo: a lura da carbi da kuma shadda mai sitati. Duk motsin da ya yi, ƙarar gogar yadi za ta shiga. Ranar naɗi nakan roƙi Baba ya sa tsohuwar rigarsa mai laushi.

Makirufon irin wanda ke ji ta kowane gefe ne, haka aka ƙera shi, saboda haka ba ya korar hayaniyar titi, muryar da ke kusa da shi kawai yake fifitawa. Abin da ya yi mini maganin hayaniya ban biya ko kwabo a kansa ba. Akwai ɗan ɗaki a bayan shagonmu inda muke jibge kayan mutane, shadda da yadi da atamfa har kusa da rufi, ga riguna a rataye. Wata rana zafi ya kore mu daga gaba, rana ta shigo, muka koma can. Da na saurari abin da muka naɗa sai na ji kamar a gidan rediyo. Tufafi na shanye amsa-kuwwa. Bangon siminti da tayil su ke mayar da ita. Wanda ba tela ba, ya shiga ɗakin da ke da katifa da labule da kafet, ya kashe fanka, ya haƙura da gumi na rabin awa. Mu da safiyar Lahadi muke yi, kafin titi ya tashi.

Tunda makirufo ɗaya ne, tawa muryar takan fito daga nesa. Ban damu sosai ba, don tambaya kawai nake jefawa. Mai son hira ta mutum biyu sosai, akwai mai kai biyu na kamfanin, BY-M1DM, shi ya kamata ya nema tun farko.

Sai gyara, kuma a nan ne sha'awar mutum ke fuskantar jarrabawa. Audacity nake amfani da ita a kwamfutar ƙanena. Tsohuwar manhaja ce, tun shekarar 2000 take, wasu mutum biyu a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka faro ta, kuma har yau kyauta ce. A kwamfuta kaɗai take aiki, babu ta waya. Ranar farko da na buɗe ta na ga maɓallai birjik, na kusa rufewa. Amma da na gane cewa sautin shimfiɗe yake a gabana kamar yadi a kan tebur, sai hannuna ya saki. Ka ja ka zaɓi inda ba ka so, ka datse, bakin biyu su haɗe ba tare da an ga ɗinki ba. Abin da ta fi almakashi da shi, in ka yi ɓarna sai ka danna Ctrl da Z, yadinka ya dawo yadda yake. Da ana haka a shadda, da teloli da yawa ba su yi rigima da masu kaya ba.

Akwai wani sashe a cikinta, Noise Reduction, mai rage ƙugin da ke bayan murya. Mataki biyu ne: ka fara zaɓar wajen da babu mai magana, ka nuna mata cewa wannan ce ƙarar da ba ka so, sannan ka zaɓi duka hirar ka ce ta cire. Shi ya sa yanzu nakan ce, "Baba, mu yi shiru kaɗan," mu ba da daƙiƙa goma kafin bismillah. Da na fara ganin abin yana aiki, sai na zaƙe na murɗa shi sosai. Ƙugi ya tafi, amma Baba ya koma magana kamar an dulmiya shi a randa. Kaɗan ake sawa, kamar kanwa a miya.

Lokaci kam tana ci. Shirin minti 25 yakan cinye mini awa uku, wani lokaci fiye. Da farko har "e to" da tarin Baba nake bi ina cirewa, sai wani abokina ya ce hirar ta zama kamar ana karanta sanarwa. Yanzu maimaici da katsewa kawai nake yankewa, shirun da yake yi yana tuno sunan wani tsohon yadi kuwa ina barin abina. Kuskure na ƙarshe da na yi da ita nawa ne: na adana aiki na tura wa abokin nan, ya ce abin ya ƙi buɗewa. Abin da Audacity ke adanawa fayil ɗinta ne na aiki, mai ƙarewa da aup3. Wanda mutane za su ji sai ka fitar da shi daban a matsayin MP3.

Wajen fitarwar, a tuna da aljihun mai saurare. Minti 25 a WAV, wato sautin da ba a matse ba, ya haura MB 130. A MP3 mai 128 kbps, wato ma'aunin ingancin sautin, MB 24 ne. Ni a 64 kbps nake fitarwa, sauti layi ɗaya ba na dama da hagu daban ba, ya tsaya a MB 12, kuma ga magana zalla kunnena bai ji an rasa komai ba.

Ɗorawa a intanet ita ce ta fi sauƙi. Spotify for Creators nake amfani da shi, ba a biyan ko sisi. Wanda ya bi tsofaffin bidiyoyin koyarwa zai ji ana ta cewa Anchor: shi ne dai, Spotify ta saye shi a 2019, aka sauya masa suna a 2023, aka sake sauyawa a 2024. A shekarar ne kuma aka cire kayan naɗi da gyara daga cikinsa, don haka da gamammen aikinka za ka je. Za ka sa sunan shiri, bayani, da hoto mai kusurwa huɗu daidai. Manhajar fodkas ta Apple na son wanda bai gaza pixel 1400, wato ƙwayoyin hoto, a tsaye da kwance ba. Ni hoton tsohon keken Baba na ɗauka. Za su ba ka wani adireshi da ake kira RSS, da shi sauran manhajoji ke janyo shirinka. Ranar da na liƙa nawa a AntennaPod na ga shirinmu ya fito a ƙarƙashin na Aminiya, sai da na zagaya shago ina nuna wa yara.

Kiɗan buɗe shiri ban taɓa na kowa ba, waƙar mutane haƙƙinsu ce. Ƙarar keke na naɗa, da ƙaras-ƙaras ɗin almakashi sau uku, sai sallama.

Masu saurare? Kada wanda zai fara ya sa rai da yawa. Shiri goma sha ɗaya muka yi a wata bakwai, azumi gaba ɗaya ban taɓa makirufo ba saboda ɗinkin sallah. Alƙaluman da shafin ke nuna mini ba su taka kara sun karya ba, 'yan gomomi ne, kodayake na ji daɗin ganin Nijar da Ghana da Saudiyya a jerin ƙasashen. Mafi yawan masu jinmu ta WhatsApp suke samu, in na tura MP3 ɗin a zauren teloli, su kuma su yi ta turawa gaba. Waɗannan babu mai ƙirga su. Wani ma daga Maraɗi ya aiko da saƙon murya yana gardama cewa abin da Baba ya kira da wani suna, su can da wani sunan suka san shi.

Na kunna wa Baba saƙon. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita, sannan ya gyara zama ya ce, "Ɗauko abin naka. Ai ba a bar wannan haka ba." Na ce, "Baba, yau Talata ce, titi ya cika, ga janareta." Ya ce, "To mu shiga ɗakin kaya mana."