Jupiter-8 ko Canon 50mm f/1.8 a kan Leica IIIf?

Malam, ka ce ka samu Leica IIIf, tsohuwar kyamarar fim, babu gilashi (wato lens), na kamfanin Leica kuma ya fi ƙarfin aljihu, shi ne kake tambaya wanne za ka ɗauka tsakanin Jupiter-8 da Canon 50mm f/1.8. Duka biyun za su ɗauru, don tiredinsu ɗaya ne da na kyamararka, M39. Sai dai ɗauruwa daban, saiti daban.

Jupiter-8 a Tarayyar Sobiyet aka yi shi, galibi a masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, kuma kwafin Sonnar 50mm f/2 na Zeiss ne. Jikinsa alminiyam, ba nauyi, ga arha. A hoton fuska yana da wani taushi da ni dai nake so, abin da ke bayan mutum ya narke lumui. Matsalarsa gado ce. Rashawa sun bi ma'aunin Contax, kyamarar Zeiss, inda ainihin tsawon gilashin "50mm" yake wajen milimita 52.4, ita kuwa Leica ma'aunin nisanta a kan 51.6 aka gina shi. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ka tsayar da mutum a mita ɗaya, ka buɗe f/2, ka haɗa inuwa biyun da ma'aunin nisa ke nunawa daidai kan idonsa: in an wanke fim sai ka tarar kunne ne ya fito tar, ido ya ɗan dushe. Daga f/5.6 zuwa sama, ko abu mai nisa, da wuya ka lura. Mai gyara yakan ƙara siririn zobe a ciki ya daidaita na kusa, amma na nesa ya ɗan rasa kaifi. Zoben ƙofar haskensa ma ba ya ƙas-ƙas, yatsa na gogarsa ya zame ba ka sani ba.

Canon ɗin, wanda ya fara fitowa a 1951 da sunan Serenar, tun asali a kan ma'aunin Leica aka ƙera shi. Inda ka saita nan yake sauka, kuma ya fi kaifi a buɗe. Ciwonsa hazo, musamman samfurin baya mai baƙin jiki. Kafin ka biya, buɗe ƙofar duka, ka haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a ɗan karkace. In ka ga fari-fari kamar sararin hunturu, ajiye shi, don wani hazon ya riga ya ci gilashin, goge ba ya fitar da shi. Bakin filtarsa kuma 40mm ne, mai wuyar samu, na Jupiter 40.5mm ko'ina akwai.

Da Zorki ko FED, kyamarorin Sobiyet, gare ka, da Jupiter zan ce ba ja. A kan IIIf kuwa, Canon mai tsabta zan saya ko da kuɗinsa ya ɗara. In an rasa mai tsabta, nemi Color-Skopar 50mm f/2.5 na Voigtländer, ƙirar Cosina ta Japan, shi ma M39 ne kuma bai tsufa kamar su ba.