Wane inji za ka saka wa tsohuwar Fijo 504? Ku ji kafin ku biya kuɗi

Shekara biyu ke nan ina fama da 504 ɗin marigayi babanmu, wadda ta kwashe shekaru a zauren gidanmu na Daura har kaji sun mai da ita akurki. Bodi bai ba ni wahala ba, inji ne ya sa ni zufa, shi ya sa na ce bari in rubuta wa masu niyyar tada tasu.

Ni dai injin da ake kira XN1 nake so, ba zan ɓoye ba. Shi ne mai lita 2, cc 1971, Peugeot ta fara saka shi a 504 a 1970, shekara biyu bayan fitowar motar a 1968, kuma ya ci gaba har cikin 505 da ta fito a 1979. Sarkar taimin gare shi ba bel ba, silindojinsa kuma silib ne da ake zarewa a sa sabo, wato ko ya cinye ba sai ka yar da bulok ba. Ga kayansa ba wuya, tunda PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa 504 a Kaduna tun 1975 ta yi shekaru tana yi, ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu, kuma duk dattijon makaniken da ke Katsina ido rufe zai kwance maka shi ya ɗaura. In yana da lafiya ka tada shi da safe, wallahi sautin kaɗai ya isa ka ji daɗin kuɗinka.

Sauran fa? XM mai cc 1796, wato lita 1.8, ba laifi amma ba shi da numfashi a doguwar hanya. V6 ɗin PRV, cc 2664, wanda aka sa wa 504 kufe mai ƙofa biyu daga 1974, shi ne ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1978, sai dai in ka same shi wa zai gyara maka, ina kayan? Dizal ɗin Indenor na masu ɗaukar kaya ne. Masu dasa injin Toyota kuwa Allah ya ba da sa'a, amma motar ta tashi daga Fijo.

To ga inda aka ƙone ni. Wani mai sayar da inji ya nuna mani ɗaya an wanke shi tas an fesa fenti, ya rantse lita 2 ne ɗan waje bai taɓa ganin sifana ba. Na ce "Alhaji ka tabbata?" ya ce "haba ƙanena, ai ni ba na cin haram". Na biya. Sati uku na buɗe murfin baƙin mai na ga ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗe da mai. Da Malam makanikena ya cire kan injin ya auna faɗin silinda sai ga milimita 84. XN1 kuwa 88 ne. Ashe 1.8 aka sayar mani da kuɗin lita 2, ga kan a tsage an like. Abin da ya sa cutar ke tafiya shi ne daga waje kamarsu ɗaya, dukansu a kishingiɗe suke gefe guda, har injin 404 mai cc 1618 danginsu ne kuma shi ma 84 ne.

Don haka kar ka tsaya ga lambar da ke jikin bulok kawai. Ka goge wurin da fetur ka shafa da yatsa, in ka ji ya yi santsi ko ya lotsa fiye da kewayensa to an gurje an sake bugawa, haka in lambobin wani ya hau wani ya sauka. Fenti sabo a tsohon inji abin tsoro ne, walda ake ɓoyewa. Kafireto ma ba shaida ba ce, minti nawa ne an canja kafireton Solex daga wannan zuwa wancan. Shekara kuma ka riƙe lissafin nan, duk wanda ya ce maka lita 2 ɗinsa na 1968 ne ƙarya yake, wanda ya ce na Kaduna ne ɗan 1972 shi ma haka.

Ka tafi da makanikenka, ba wanda mai shago zai kira maka ba, ku yi sharaɗi a gaban shaidu cewa za a buɗe kai a auna kafin kuɗi su fita, kuɗin gasket a wuyanka. In ya fara cewa ai buɗewa na ɓata inji, ka ɗauki hularka. Wanda ke cikin motar yanzu ta wannan hanyar na saye shi, mun auna 88 cif, kuma Juma'ar da ta wuce na je Daura da ita na dawo allurar zafi ba ta motsa ba.