Ɗan kwangila ko dairek lebo?

In za a yi kwalbati ko gada a Birnin Kebbi ko Argungu hanya biyu ce. Ko a ba ɗan kwangila, shi ne da siminti, rodi, leburori har ranar miƙa aiki, kuma galibi ana riƙe mai kashi 5 na kuɗinshi sai an ga aikin ya ci damina bai tsage ba. Dairek lebo kuwa injiniyoyin ma'aikatar ayyuka ke yi da kansu, ya fi arha tunda ba ribar kowa, amma fa kuɗi na tsayawa aiki ya tsaya, in ya rushe kuma wa za ka kama? Ni dai ƙaramin gyara a yi dairek lebo, gada cikin fadamar Rima kam wallahi sai kwangila.