Fenti uku na Tamiya da na gwada a kan tankar Panzer IV

Wata biyu na yi ina harhaɗa ƙaramar tankar roba ta kwaikwayon tankar yaƙin Jamus, Panzer IV samfurin Ausf. H, wadda girmanta kashi 1 ne cikin 35 na ta gaske. Haɗa robar bai ba ni wahala ba. Da aka zo kan launi ne na tsaya cak, har sati guda tana kan tebur ban taɓa ta ba.

A watan Fabrairun 1943 Jamusawa suka bar shafa wa motocin yaƙinsu toka mai duhu, suka koma wata rawaya mai ƙasa-ƙasa da suke kira Dunkelgelb, lambarta RAL 7028. Da ita tanka ke fitowa daga masana'anta, sai dakarun da ke fagen daga su zana mata kore da ja mai ruwan ƙasa, wato RAL 6003 da RAL 8017. A shekarar 1943 ɗin aka fara ƙera Ausf. H, don haka waɗannan ukun ne nata.

Na sayi fenti XF-88 (rawaya) da XF-89 (kore) da XF-90 (ja mai ruwan ƙasa) na kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan, 'yan kwalabe masu cin mililita 10, na haɗa da X-20A na tsinka su. Akwai kuma tsohuwar XF-60 da na daɗe da ajiyewa, ita ma rawaya ce mai duhu.

Kafin in kusanci tankar sai na samo cokulan roba farare, irin na cin shinkafar biki, na fesa kowane launi a bayan cokali ɗaya. Nan idona ya buɗe. XF-60 da ta bushe sai ta ɗan karkata zuwa kore, ta fi duhu. XF-88 kuwa ta fito da haske, kamar yashin rafi da rana ta daka. A ƙarƙashin ƙwan ɗaki da daddare kusan ba a bambance su. Da safe na fita da su tsakar gida, bambancin ya fito ƙuru-ƙuru. Tun daga ranar ba na yanke hukunci a kan launi da daddare, ko yana jiƙe, balle ta hoton waya, don kowace waya da irin rawayarta.

XF-88 na ɗauka, kuma abin da ya fi burge ni da ita shi ne yadda take kwanciya. Na tsinka ta rabi da rabi, na yi feshi sau uku marasa kauri, ƙusoshi da layukan walda duk suna nan ba ta binne ko ɗaya ba. Ba ta sheƙi. Na ɗiga mata ɗan XF-57, fenti mai ruwan ƙasa mai haske, don ta ƙara haske a saman hasumiyar bindiga da murfin inji, saboda ƙaramin abu yakan fi duhu a ido in aka sa masa launin babba yadda yake. Koren da jan ma sai da na sassauta su haka, in ba haka ba su danne rawayar.

Kuskure ɗaya na yi, nawa ne. Na yi feshin koren da rana tsaka lokacin hunturu, na kuma nisanta hannu, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, gefen tankar ya yi kaushi kamar takardar goge katako. Na goge na sake da sassafe, na matso kusa, ya kwanta lumui.

Masu kwana suna gardamar wace rawaya ce ta ainihi, ina ganin girman ƙwazonsu, amma ban bi su can ba. Koren da jan nan da kauri ake kai wa sojoji su, su tsinka da fetur ko ruwa, gwargwadon abin da ya samu, wani da abin feshi, wani da buroshi. Tankoki biyu a runduna ɗaya ma ba lallai su zo iri ɗaya ba, ga ƙura ga rana.

Ga mai abin feshi, kwalaben nan uku sun isa tankar Jamus ta 1943 zuwa 1944, kuma zan sake sayensu. Rawayar ce ke saurin ƙarewa tunda ita ce shimfiɗa, don haka a ɗauki biyu. Tawa tankar saura ƙafafunta na sarƙa da ƙurar hanya.