Tsagewar gilashin gaba: sufa gulu ko rezin?

Ɗan'uwa mai tambaya kan gilashin motar da tsakuwa ta tsaga, rezin za ka sa, wato ruwan gam na musamman da ake cike tsagar gilashi da shi, kar ma ka tsaya dogon tunani. Amma kafin komai yanzu-yanzu ka samu farin salatif ka manna a wurin, don in ƙura ta shiga cikin tsagar ko wane gwani ne ba zai iya ɓatar da tabon ba.

Ni tawa motar tifa ce ta watso mani tsakuwa a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, abu kamar tauraro da ɗan jela. Mai gilashin da na kai wa Allah ya yi masa albarka, a inuwa ya fara ajiye motar sai da gilashin ya huce, ya ɗauko dirila mai siririn baki ya ɗan huda daidai inda tsagar ta ƙare don kar ta ci gaba da gudu, ya tura rezin a hankali ina kallo layin yana ɓacewa, sannan ya fitar da ita rana ta busar. Hudar ba ta ɓullewa ciki, ai gilashin gaba fala biyu ne da roba a tsakani, na wajen kawai ake taɓawa. Har yau motar tana nan, ta sha gargada tsagar ba ta motsa ba.

Sufa gulu kuwa, to, yana da araha, iyakar abin da zan ce ke nan. A sama yake daskarewa ya toshe bakin tsagar, gobe ko ka je neman rezin babu ta inda zai shiga.

Zafin nan namu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 shi ke ƙarasa gilashi, kar ka watsa masa ruwan sanyi da rana tsaka, kar ka saki esi da ƙarfi a kansa, ƙofa ma ka daina bugawa.

Ka kuma yi hattara, akwai masu ɗura gam a sirinji su ce maka rezin ne, ka ce a nuna maka kwalbar, ka tsaya a yi a gabanka. In tsagar ta kai gefe ko ta fi taƙi guda ko tana saitin idon direba, bar batun gyara ka canja gilashin, kuma ka duba tambarin da ke kusurwarsa ka ga an rubuta Laminated, wato mai fala biyun nan, kafin ka biya.