Kwali shida na auduga ya sayar min da sunan maganin gyambo

Kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Amma jiya na ga mutumin nan ya sake saka talla a Facebook, da hotunan nan dai, da kalaman nan dai, shi ya sa na ce bari in faɗa ko da za a yi min dariya.

Kwali shida. Kowane kwali guda goma, guda sittin ke nan. Rabin albashina na wata na tura masa a tashi ɗaya, washegari na ƙara kuɗin aike. Kwali shida, kuma babu guda ɗaya a ciki da ya kamata ya taɓa jikin ɗan Adam, balle jikin uwata.

Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, tun lokacin tana kwance. Duk juyin da muke mata bayan awa biyu-biyu, sai da gyambon kwanciya ya fito mata a ƙarshen ƙashin baya. Ciwon mai ruwa ne sosai, auduga da bandeji ba sa awa uku sun jiƙe sharkaf har zanin gado. Likita ya ce a koma aljinet. Ni ban taɓa jin sunan ba sai a jinyar nan, amma na zauna na karanta, don kada wani ya zo ya ce min jahilci ne ya kai ni. Daga ciyawar teku ake yin sa, a ido kamar wani farin ƙyalle mai laushi. In ya haɗu da ruwan ciwo, kalsiyam ɗin da ke cikinsa sai ya yi musaya da sodiyam na ruwan, ƙyallen ya koma jeli mai santsi. Yana iya shan ruwa har ninki goma sha biyar zuwa ashirin na nauyinsa, kuma in an zo cirewa ba ya mannewa ya fizge sabon naman da ya fara tofowa. Har labarin George Winter na karanta, wanda a 1962 ya gwada a fatar aladu ya nuna ciwon da aka rufe da danshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin haɗewa. Duk wannan na sani. Na sani, kuma aka ci ni.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne saƙon muryar nan. Na ce masa ina neman aljinet mai santimita 10 ta kowane gefe. Bai faɗa min kuɗi ba, sai ya ce: "'Yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ciwon nata mai ruwa ne ko busasshe? In busasshe ne kar ki saya, zai manne ya ƙara busar da shi." Ku gaya min, wane ɓarawo ne zai ce kar ki saya? Kuma gaskiya ya faɗa, haka likita ya ce, ba a sa aljinet a busasshen ciwo. Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin. "Kar ki saya." A nan ya gama da ni, a kan kalma uku.

A'a, kafin wannan ma. Ko bayansa ne? Ina jin bayansa ne, don sai da muka yi magana sannan ya aiko da gwaji. Guda biyu ya aiko kyauta, wai in gwada tukuna. Kuma waɗannan biyun na gaske ne, wallahi na gaske ne. Nas ɗin da ke zuwa yi wa Mama wankin ciwo ita da kanta ta sa su, ta cire bayan kwana biyu sun zama jeli, ta ce, "Anti, wannan mai kyau ne, in kin samu ki ƙara." To me ake so in yi? Na tambaya, na gwada, na nuna wa mai sani. Yayana yana ta cewa araha ce ta ja ni, wai araha ba ta ado. Yaya, ba araha ba ce ta hauka, ragin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ya ce don kwali shida zan ɗauka ne. Da ya ce rabin kuɗi da na yi zargi. Ya san daidai inda zai tsaya.

Kayan sun zo a makon da Sista, nas ɗin nan, ta yi tafiya, ni nake wankin da kaina kamar yadda ta koya min. Ranar farko na ji ƙyallen ya ɗan fi na gwajin tauri, na ce ko wani kamfani ne. Kafin dare ya jiƙe, ruwa ya tsallake har bandejin sama. Na canza. Na sake canzawa. Kwana na uku da na zo cirewa ya kama ciwon gam, na jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti na ja a hankali, Mama da ba ta iya magana sosai ta yi wata ƙara da har yau tana kunnena. Jini ya biyo, zare-zaren auduga suka maƙale a cikin naman. Fatar gefen ciwon ta yi fari fat ta yamutse kamar yatsun wanda ya daɗe a ruwa, alamar ruwan yana kwanciya a kanta ne, ba shanye shi ake ba. Sai wari. Sai zazzaɓi. Guda goma sha ɗaya na sa mata da hannuna. Goma sha ɗaya cikin sittin.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar farkon na rubuta masa cewa yana saurin jiƙewa. Ya ce ai alamar yana aiki ke nan, yana zuƙo dattin ciwon. Na yarda. Wannan ma yana cikin hotunan hirar.

Da Sista ta dawo ko magana ba ta yi ba. Ta ɗauko kofi biyu ta zuba ruwan gishirin nan mai kashi 0.9, ta yanki wani aljinet da ke jakarta ta jefa a ɗaya, ta jefa nawa a ɗayan. Nata ya kumbura ya yi santsi. Nawa ya zauna kamar tsumma. Audugar cusa matashi ce aka danne aka yanka murabba'i. Sannan ta juya ledar ta ce, "Anti, duba nan." Wurin da ake rubuta STERILE a cikin ɗan akwati, da EO ko R a gefensa, wato an kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid ko da haske mai ratsawa, babu komai. Lambar LOT, wato lambar rukunin kayan da aka yi tare, ta jikin kwalin daban, ta jikin ledar daban. Kusa da hoton gilashin yashi, inda ranar lalacewa take, sitika ce aka manna, muka ɓare muka tarar babu rubutu a ƙasa sam. Akwai alamar CE, mai nuna kaya sun cika ƙa'idar Turai, amma babu lambobi huɗun nan da ke binta a kayan da aka tsarkake. Bakin ledar a karkace, irin liƙin da ake yi da injin zafi a gida. Ɗaya har da gashi a ciki. Gashin mutum, a cikin abin da na danna a buɗaɗɗen ciwon Mama.

Kwana tara muka yi a asibiti ana mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, sai da aka kankare mataccen nama. Ciwon da ya fara tsukewa ya koma ya fi da faɗi. Likitan da ya ga ledar ya girgiza kai kawai, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2017 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, ɗaya cikin goma na kayan magani jabu ne ko maras inganci. Ya faɗa ne don ya kwantar min da hankali. Bai kwanta ba.

Shi kuwa mutumin, da na tura masa hoton kofunan sai ya hau salati, wai mai kawo masa kaya ne ya cuce shi, zai mayar min da kuɗina ranar Juma'a. Juma'a ta zo ya ce Litinin. Litinin ya ce ai ni ce ban iya sawa ba, kuma kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Kwali huɗu ko taɓa su ban yi ba! Daga nan ya toshe ni. Rabin albashina, da kuɗin aike, da kwana tara a asibiti. Wata baiwar Allah da mijinta ke da gyambon ciwon suga a ƙafa ta same ni ta ce ita ma saƙon "kar ki saya" ya tura mata, kalma da kalma. Ashe ma karatu ne ya haddace.

Ina da komai, rasitin tura kuɗi, saƙon murya, hoton ledar da sitikar da muka ɓare, da bidiyon kofunan. Zan saka su da daddare in na rufe lambar asusuna da fuskar Mama. Kwali huɗun da sauran da suka rage na kai wa hukumar da ke kula da magunguna, sun karɓa sun rubuta.

Kayan ciwo a saya a kantin magani mai rajista. A duba STERILE, a duba LOT na kwali da na leda su zo ɗaya, in an ga sitika a kan ranar lalacewa a ajiye. Gwajin kyauta ba shaida ba ne, a buɗe guda daga cikin kwalin da aka biya a jefa a ruwan gishiri.

Wanda ya san shafin da nake nufi, mai hoton farar riga da abin awon ƙirji a wuya, ya yi min magana ta sirri, ina tara sunayen waɗanda ya yi wa. Awa biyu ta cika, bari in je in juya Mama.